Cittar da Ba Ta Ruɓe Ba

Litinin, 9 ga Satumba, ƙarfe 7:15 na safe

Kwana biyu ke nan da aka sa dokar hana fita a Kafanchan saboda rikici. Mijina Martins bai dawo ba. Ya tafi ƙauyen Kawu Azariya, can wajen Kachia, ranar Asabar da sassafe a kan mashin ɗinsa, da ƙaramar kula ta ƙanƙara ɗaure a baya. Ya ce zai dawo kafin ƙarfe huɗu don ya samu koyon waƙa a coci. Wayarsa ba ta shiga. Amma ai na san babu sabis a ƙauyen sai mutum ya hau dutsen bayan makaranta. Ba wani abu ba ne.

Wannan littafin aikina ne na lab, ɗakin gwaje-gwaje, rabinsa duk lambobi. Shi kaɗai ne mai sauran fili a gidan, shi ya sa na juya shi na fara rubutu daga baya.

Mu biyu ne a gida, ni da Mama Clara, mahaifiyar Martins. Ta zo daga Zonkwa ranar Alhamis don ganin likita saboda ciwon sukari, dokar ta rutsa da ita a nan. Ba mu taɓa kwana uku a gida ɗaya ba sai da Martins a tsakaninmu.

Babu wuta tun ranar Asabar. Akwai fetur jarka ɗaya, lita ashirin. Na lissafa: idan na kunna janareta awa ɗaya da rabi da safe, awa ɗaya da rabi da yamma, firiza ba za ta narke ba. Na lulluɓe ta da barguna biyu.

Litinin, ƙarfe 4:40 na yamma

Bari in rubuta abin da ke cikin firizar, ko hankalina ya tsaya wuri ɗaya. Ƙananan robobi ne saba'in da biyu, kowace ba ta fi ɗan yatsa ba, kowace da niƙaƙƙiyar citta a daskare. Bara ciwon ruɓa ya cinye citta a ƙasarmu, mutane suka tono taɓo mai wari maimakon amfani. A gonar Kawu Azariya, ƙanen mahaifiyata, kunya goma sha ɗaya suka tsira, alhali na dama da na hagu sun mutu. Abin da nake nema a digirina na uku ke nan: me ke cikin ƙwayoyin halittar wannan cittar da babu shi a cikin wadda ta ruɓe.

Na'urar da za ta faɗa mini, NMR, babu ita a nan. Kashin farko na aika wa Caroline a Afirka ta Kudu tun watan huɗu, ita ke kula da na'urar a lab ɗin malamina. Sakamakon ya sauka a kwamfutata ranar Juma'a. Waɗannan saba'in da biyu su ne kashi na biyu, wanda zai tabbatar da na farko. Ranar 20 ga wata zan kai su Abuja cikin ƙanƙara, wani malami zai tafi da su.

Na buɗe zanen farko na sakamakon. Tagwayen layi a 5.41, sukarin rake ne. A 5.23 da 4.64, gulukos. Tagwaye a 1.48, alanin. Tilo a 3.20, kolin. Waɗannan na san su kamar fuskokin ɗalibaina a kwaleji.

Na kira wayar Martins sau goma sha huɗu.

Talata, 10 ga wata, tsakar rana

Ba ta shiga.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe 9:30 na safe

Motocin sojoji uku sun wuce ta layinmu, suka yi wajen tashar jirgin ƙasa. Bayan su shiru, ko kaza ba ka ji. Ban taɓa sanin garin nan zai iya yin shiru haka ba.

Madam Jacinta maƙwabciyarmu ta hau bokiti ta leƙo ta katanga. Ta ce ƙanenta ya kira ta daga Kachia, ta faɗi abin da ya ce ya faru a hanya ranar Asabar da rana, da wurin da ya faru, da yawan mashinan da aka gani a kwance. Ba zan rubuta ba. Jacinta tana da ƙarin gishiri a magana, kowa ya sani. Na roƙe ta kada ta faɗa wa Mama. Da na juya, Mama tana tsaye a ƙofar kicin da tsintsiya a hannu.

Laraba, ƙarfe 6 na yamma

Janareta na aiki, ina gaban kwamfuta, Mama ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. Ta daɗe tana kallon zanen, sannan ta tambaye ni wace irin ciyawa ce wannan.

Na yi mata bayani yadda zan iya. Na ce na'urar wani babban maganaɗisu ne, ya fi durom biyu girma. Ana tace ruwan citta a zuba a wani siririn bututun gilashi kamar tsinken shan lemo, a saka a cikinsa. Kowane sinadari da ƙwayar halitta ke sarrafawa yana ɗauke da haidurojin, kuma idan aka buga masa igiyar rediyo a cikin maganaɗisun, kowanne yana amsawa a nasa wurin. Na ce kamar mawaƙan zumuntar mata ne, ko kin rufe ido kin san muryar wance daban da ta wance. Layukan nan su ne muryoyin, aikina in faɗi mai kowace murya.

Ta gyaɗa kai. Ta gane, Mama ta yi shekara talatin tana koyarwa a firamare.

“To,” ta ce, “wannan ne ya sa shi ya tafi da kula?”

Na ce eh.

Ta mayar da kujerar inda ta ɗauko ta.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe 8:10 na safe

Akwai abin da ban sani ba a zanen. Tagwaye a 6.37, wasu tagwayen a 7.33, ratar da ke tsakanin layukan kowannensu daidai take, goma sha shida a ma'aunin ha'az. Rata iri ɗaya tana nufin maƙwabta ne a jikin sinadari ɗaya. Suna nan a duk samfurin da ya fito daga kunya goma sha ɗayan. A cittar da ta ruɓe da ƙyar ake ganinsu.

Da a ce wata rana ce, da na yi ihu har Martins ya fito daga wanka da kumfa a kai. Na rubuta lambobin, na kashe janareta minti goma kafin lokaci.

Alhamis, ƙarfe 3 na rana

Mun ci tuwon jiya da miyar karkashi. Mama ta ajiye wa Martins wani a kwano ta rufe da faranti. Haka ta yi jiya, haka ta yi shekaranjiya. Da safe takan ba karen Jacinta ta saman katanga.

Juma'a, 13 ga wata, ƙarfe 2:20 na rana

Sun sassauta dokar daga ƙarfe goma zuwa sha biyu don a sayi abinci. Ban je kasuwa ba. Na je ofishin 'yan sanda, suka ce in rubuta sunansa da lambar mashin, na rubuta a ƙasan wasu sunaye da yawa. Daga nan na ruga coci. An manna takardu biyu a jikin ƙofar ofishin fasto, ɗaya ta waɗanda suke asibiti, ɗaya ta sauran. Na karanta ta biyun da farko. Na sake karantawa da yatsa, layi layi. Ba ya ciki. Ba ya cikin ta farkon ma.

A nan na gamu da Kumai, ɗan wan baban Martins, wanda yake aikin nas. Yana da takardar izinin yawo saboda aikinsa. Ya ce mini, “Matarmu, rashin suna a takarda labari ne mai kyau, ki riƙe wannan.” Ya ce yana tambayar abokan aikinsa na Zonkwa da Kachia ta waya. Da yana da mai da ya bi hanyar da kansa, amma duk gidajen mai a rufe suke, a ƙafa yake zuwa aiki.

Ban ce masa ina da fetur ba. Bai tambaya ba.

Na dawo da minti huɗu kafin sha biyu, babu ko tumatir a hannuna.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Mako ɗaya. Yanzu ne lokacin koyon waƙa.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe 11 na safe

Mun yi sujada a falo, mu biyu. Mama ta karanta Zabura da Hausa, ta yi addu'a da yarensu, Jju. Jju ɗina bai kai in bi ta duka ba, amma na ji sunan Martins sau da yawa, na ji sunan Kawu Azariya, sannan na ji nawa. Ban san me ta roƙa mini ba. Na ce amin.

Bari in rubuta, tunda babu mai karantawa.

Martins bai so tafiyar ba. Ranar Juma'ar da washegari zai tafi, da yamma, ya ce ya ji maganganu a makarantarsu, a bari sai wani mako. Na ce wani mako ya yi nisa, ina bukatar sabuwar citta ta bana daga kunyoyin nan kafin ranar 20, kuma sai na niƙa na daskarar da ita. Ya ce to a kira Kawu ya aiko da ita a mota. Na ce a mota za ta yi awa biyar a rana, ta lalace. Sai na ce da a ce jarrabawar ɗalibansa ce, ko taron mawaƙa, da tuni ya hau mashin. Na ce shekara biyu ina wannan aiki ni kaɗai, shi dai ya iya cewa sannu.

Ya fita ya duba iskar taya.

Mama tana ɗakin baƙi a lokacin, ƙofar a buɗe.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe 7:50 na safe

Saura lita takwas. Na rage zuwa awa ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Robobin da ke sama sun fara yin gumi kafin yamma, na mayar da su can ƙasa tsakanin gorunan ƙanƙara. Allurar sukarin Mama na ajiye ta a cikin randa, a naɗe da leda, tunda firji ya mutu tun tuni.

Saƙon Caroline ya shigo da na hau kan tankin ruwa neman sabis mai ƙarfi. Ta ce ta ga tagwayen, ta yi mini ƙarin gwaji wanda ke nuna wane haidurojin ne ke manne da wane kabon, ta turo. Ta tambaya ko ina shirye don ranar 20. Ta sa hoton fuska mai murmushi. Na rubuta mata cewa ana ɗan samun matsalar wuta a nan.

Fayil ɗin ya ɗauki minti hamsin kafin ya sauka. Ina tsaye a kan tanki, hannu a sama, wani soja a bakin layi ya daka mini tsawa in sauka. Na durƙusa, hannun na bar shi a sama.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe 1:05 na rana

Wata lambar da ban sani ba ta kira. Na ɗauka, iska kawai da kukan yaro daga nesa, sai ta yanke. Na kira sau ashirin da ɗaya, a kashe.

Talata, ƙarfe 5:30 na yamma

Na share ɗaki. Na sake sharewa. Na goge takalmansa na coci, na goge na makaranta. Mama ta ce, “Afiniki, bar takalmin nan ki zo ki ci abinci.” Yau ne ta fara kirana da sunana tun ranar Laraba.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe 10:40 na safe

Kumai ya zo, ya turo mashin ɗinsa da hannu tun daga gidansa. Ya ƙi zama. Ya ce wata abokiyar aikinsa ta ji cewa akwai mutanen da suka fito daga daji kwana biyu da suka wuce, an kai su wani ƙaramin asibitin mishan a wani ƙauye tsakanin Zonkwa da Kachia. Babu sabis a wurin, babu wanda ya rubuta sunayensu. Wasu da rauni. Ba a san ko su wane ne ba, kuma wataƙila ba namu ba ne. Ya ce ta babbar hanya ba za a bar shi ba, sai ta hanyar gonaki, zuwa da dawowa zai sha lita huɗu ko biyar. Ya ce ya ji ƙarar janareta a gidanmu.

Lita biyar ce ta rage.

Ina so in rubuta cewa nan take na tashi na ɗauko jarkar. Ba haka aka yi ba. Na tsaya. Kaina ya fara lissafi ba tare da na sa shi ba: idan na ba shi uku na riƙe biyu, biyu za su kai ni Juma'a, idan aka buɗe hanyar Abuja ranar Juma'a. Na ji bakina yana tambayarsa ko uku ba za su isa ba. Kumai ya sunkuyar da kai. Mama tana zaune a kan tabarma tana tsince wake, ba ta ɗago ba, amma hannunta ya tsaya.

Ban san tsawon lokacin ba. Wataƙila numfashi uku ne.

Na ɗauko jarkar, na juye masa duka. Na kwance tiyon janareta na tsiyaye abin da ke cikin tankinsa a kwalbar ruwa, na ba shi wannan ma. Mama ta ɗora hannu a kansa ta yi addu'a. Ya tafi.

Ba ta yi mini maganar tambayar da na yi ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Laraba, ƙarfe 6 na yamma

Lokacin kunna janareta ne. Na sami kaina a bayan gida da igiyar a hannu.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe 9 na safe

Babu labarin Kumai. Yanzu wayoyi biyu ne ba sa shiga.

Ban buɗe firiza ba. Na san abin da ke faruwa a ciki. Sanyi ne kaɗai ya tsayar da ƙwayoyin a yadda suke ranar da aka tono su. Da zarar sun narke, abubuwan da ke cikinsu za su farka su ci gaba da aiki. Sukarin rake zai rabe biyu, tsami zai taso, abin da na'ura za ta gani ba zai zama labarin gonar Kawu ba, labarin firizata zai zama. Ko an sake daskarar da su, an riga an gama.

Ruwa ya fara ɗiga ta ƙasa. Na sa tsumma.

Alhamis, ƙarfe 4:15 na yamma

An yi ruwan sama mai ƙarfi. Hanyar gonaki za ta yi laka. Na faɗa wa Mama haka, ta ce ita ma abin da take tunani ke nan. Muka zauna a baranda muna kallon ƙofar gida har ruwan ya tsaya.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe 11:30 na safe

Yau ce ranar Abuja.

Kwamfuta tana da saura kashi talatin da ɗaya. Na buɗe fayil ɗin Caroline saboda ban san me zan yi da hannuwana ba. Tagwayen biyu suna kan kabon biyu masu haɗi biyu a tsakaninsu, ɗaya gefen yana jingine da zobe mai haidurojin uku, akwai kuma tilo a 3.89. Na duba jadawalin da na kwafa a gaban littafin nan tun bara. Asid ɗin ferulik ne, ko wani ɗan'uwansa na kusa. Tsirrai kan tara irinsa a bangon ƙwayoyinsu idan cuta ta taso musu.

Ban ce shi ya ceci kunyoyin ba. Samfuri goma sha biyu na kashin farko ba sa isa a faɗi haka. Waɗanda za su isa suna iyo a cikin ruwa a kicin.

Na rubuta sunan, na ja layi a ƙarƙashinsa. Kwamfutar ta mutu.

Juma'a, ƙarfe 3:50 na yamma

Kumai ya kira. Yana da rai. Martins yana da rai.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe 8 na safe

Jiya ban iya riƙe biro ba. Ga abin da Kumai ya ce, daga kan wani tudu da ya hau ya sami sabis. Ya same shi a asibitin mishan ɗin, a kan tabarma a baranda saboda gadaje sun cika. Rauni a cinya ta hagu, ya kumbura amma ba za a yanke ƙafar ba. Ya yi kwana tara a daji tare da wasu mutanen ƙauyen Kawu. Na tambaye shi Kawu fa. Ya ce sabis yana yankewa, za mu yi magana.

Mama ta durƙusa a tsakar gida, a cikin laka, ta yi waƙa da Jju har muryarta ta dushe. Jacinta ta hau bokitinta tana amsa mata. Ni na shiga kicin na ɗora ruwan zafi, ban san na mene ne ba.

Ba a barin kowa ya bi hanyar. Yana can, kilomita arba'in ko ƙasa da haka, ina nan.

Lahadi, 22 ga wata, ƙarfe 2 na rana

Kumai ya goya Martins zuwa tudun, ya kira ni. Na ji muryarsa. Ya ce, “Afi, kuna lafiya? Mama tana samun allurarta?” Na ce eh. Na buɗe baki in faɗi abin da na yi mako biyu ina shiryawa, sai ya ce ya gaji, zai ba Kumai.

Talata, 24 ga wata, ƙarfe 5:20 na yamma

Sun kawo shi a motar asibiti da rakiyar sojoji. Ya rame har wuyan rigar da aka ba shi yana zamewa. Gemu ya fito masa, da fari a ciki, ban san yana da furfura ba. Mama ta wanke masa ƙafafu da kanta, ba ta bar ni ba. Ya ci tuwo loma huɗu.

Kawu Azariya ya rasu tun ranar Asabar ɗin farko. Kumai ne ya faɗa mini a bakin ƙofa, da zai tafi. Ya ce a gona harin ya rutsa da su, shi da Martins. An binne shi a can tare da wasu, ba fasto, ba akwati. Matarsa da yaran suna makarantar firamare a Kachia inda aka tara mutane.

A gona. Ban tambayi wace gona ba, ko me suke yi a cikinta da tsakar rana.

Dole in kira mahaifiyata a Gwantu. Gobe.

Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe 10 na safe

An mayar da dokar daga shida na yamma zuwa shida na safe. An kawo wuta jiya. Masu acaba sun fito, mai ƙosai ta dawo bakin layi, ana ta hayaniya kamar ba a yi komai ba.

Martins ba ya fita daga ɗaki. Ya sa na rufe taga na saki labule. Idan mashin ya wuce sai ya riƙe gefen katifa. Mawaƙan coci sun zo gaishe shi, su tara, ya ce in ce musu yana barci. Suka yi addu'a a falo da ƙaramar murya suka tafi.

Na buɗe firiza. Warin ya kore ni har baranda. Na haƙa rami a bayan gida kusa da gwanda na juye robobin duka, na wanke firizar da omo sau uku. Mama ta riƙe mini bokiti.

Na kira mahaifiyata. Ta riga ta ji. Ta tambaye ni me ya kai Martins ƙauyen a irin wannan lokaci. Na ce aike ne.

Asabar, 28 ga wata, tsakar rana

Ƙofar gida a buɗe take, babu wanda ya fita.

Litinin, 30 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Na rubuta wa Caroline gaskiya, a layi biyar: sunan sinadarin, da cewa kashi na biyu ya lalace, da cewa mai gonar ya rasu, kuma ban san ko akwai sauran citta a kunyoyin ba, ko wanda zai je ya duba. Ta kira ni nan take tana kuka. Daga baya malamina ya rubuto. Ya ce in zo can na wata shida, akwai ɗaki, za a sake tsara aikin da abin da ke hannu. Ya ce in fita daga wurin nan in huta.

Na karanta saƙon a tsaye a ƙofar ɗaki. Martins yana kwance ya juya wa ƙofa baya, Mama tana canza masa bandeji yadda Kumai ya koya mata. Sukarinta ya hau tun jiya. Na karɓi almakashin.

Ban ba malamina amsa ba tukuna. Na san amsar, ba zan tafi ba.

Laraba, 2 ga Oktoba, ƙarfe 7:40 na safe

Yau da gari ya waye Martins ya ce in taimake shi ya zauna. Na sa masa filo biyu a baya. Na durƙusa a gefen gado na fara. Na ce, Martins, maganar da na faɗa maka ranar Juma'ar nan. Ya ɗaga hannu.

“Tsaya, Afi. Ki ji wannan tukuna.”

Ya yi magana yana kallon labule. Ya ce da ya wuce Zonkwa ranar Asabar, a wata mahaɗa, wasu masu acaba sun tare shi suka ce ya juya, hanyar ba kyau. Ya tsaya ya sha ruwa, ya yi tunani, ya wuce. Ya ce da ya isa ƙauyen, Kawu da kansa ya ce su shiga gona da wuri, dama yana da niyyar zuwa cire ciyawa a ranar, ko da baƙo ko babu.

“An ce mini in koma, ban koma ba,” ya ce. “Ke kina Kafanchan lokacin. Kin ji? Ba na so ki sake durƙusa mini a kan wannan.”

Na ce na ji.

Ya ce in ɗaga labulen kaɗan, ba duka ba.

Laraba, ƙarfe 1 na rana

Kumai ya zo duba raunin. Na raka shi bakin ƙofa, na tambaye shi ko Martins ya taɓa ba shi labarin masu acaba a mahaɗa, a duk kwanakin da suka yi tare a asibitin. Ya ce a'a. Na ce maganar Kawu da cire ciyawa fa. Ya daɗe yana gyara madubin mashin ɗinsa.

“Matarmu,” ya ce, “mutumin da ya sani ya faɗa miki. Ni me zan ƙara?”

Na shekara goma sha ɗaya da Martins. Idan zai yi ƙarya, ba ya kallon mutum, sai ya nemi wani abu ya kafa wa ido. Amma tun da ya dawo ba ya kallon kowa, ko Mama.

Ba zan sake tambaya ba. Na rubuta yadda ya faɗa, kalma da kalma, haka zan faɗa wa mahaifiyata ranar Asabar idan na je Gwantu. Yana kirana, lokacin maganinsa ya yi.